Neman shawara: an ba ni aikin kayan wasanni na 'yan tsana, tuntu yana zubewa, ƙwallo yana tsagewa

Mai tambaya:

Assalamu alaikum warahmatullah. Admin, don Allah a ɗora mini wannan, a sakaya sunana.

Ni matar aure ce a wani ƙauye da ke gefen Gujungu, ƙaramar hukumar Taura. Ina ɗan taɓa ɗinki a cikin gida, kuma guntayen ƙyallen da suke ragewa ba na zubarwa, riga da zani da ɗankwali nake ɗinka wa 'yan tsana, yara suna saya da sallah ko in za su yi bikin 'yar tsana. To yanzu an kawo mini aikin da ya wuce abin da na saba. Wata malama ce a firamaren garinmu ta zo da 'yan tsanan roba, dogayen nan masu gashi, tsawonsu rula ɗaya. Za su yi gasar wasanni ta gidaje a zangon nan, gida huɗu ne: ja, kore, shuɗi da ruwan ɗorawa. Tana so kowane gida a yi masa 'yar ƙwallo da rigarta da ƙwallonta, sannan da 'yar zuga mai riƙe da tuntu a hannu biyu, irin waɗanda ta gani a waya suna tsalle a bakin fili a Amurka. Za a jera su a teburin manyan baƙi, in an tashi a ba yaran da suka yi nasara. Har raga take so da ɗan kofi.

Rigunan da sauƙi, sai dai bakin ƙyallen yana zarewa, abin ya yi ƙanƙanta da kalmasa. Tuntun ne ya hana ni sakat. Na yi shi da ulu, a ido ya yi kyau, amma ƙaramar 'yata tana ja ya zube mata a hannu sili-sili. Ƙwallo kuma na mulmula na yumɓu, da ya bushe ya tsage, wanda bai tsage ba fenti ya ƙi kama shi. Ga shi wani ya fi kan 'yar tsanar girma, wani ya yi mitsitsi.

Sai babbar maganar. Surukata ta ga hoton da malamar ta nuna, ta ce ba za a ɗinka tsiraici a gidanta ba, kuma wai 'yar tsana mai ido da hanci tana hana mala'iku shiga ɗaki. Ba na so in saɓa mata, kuma ba na so aikin ya wuce ni. A garinmu babu mai sayar da kayan saƙa, sai ranar Lahadi in kasuwar Gujungu ta ci, ko in maigida zai shiga Kano in ba shi sautu. A taimaka mini da shawara, Allah Ya saka da alheri.

Hajiya Mai Kwarashi, Ringim:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, tun kafin in gama karantawa na gane inda gizo yake saƙar: da ulu kika ɗaure ulu. Ulun kasuwa na yanzu roba ne, santsi gare shi kuma yana miƙewa, ko da duk ƙarfinki kika ja sai ya saki. Nemi zaren da masu gyaran takalmi suke ɗinki da shi, in babu ki ninka zaren kitso gida huɗu.

Ɗauko cokali mai yatsu. Ki fara zura zaren ɗaurin ta tsakiyar yatsun ki bar shi yana reto, sannan ki hau naɗa ulun a kan yatsun huɗu gaba ɗaya. Kada ki yi rowar naɗi, a nan yawanci ake faɗuwa. Tuntun da bai ƙoshi ba ba ya riƙe kansa, sai ya cika dam sannan zaruruwan suke danne juna. Ki yi ta naɗawa har sai kin ga cokalin ya yi tumbi. In kin zo ƙulli ki ɗan jiƙa zaren da ruwa, kuma a ƙullin farko ki zagaya bakin zaren sau biyu maimakon sau ɗaya, ta haka ba zai saki ba kafin ki yi na biyun. Ki zare shi daga cokalin, ki zagayo da zaren ta baya ki sake ƙullewa. Kada ki yi gaggawar ɗaukar almakashi. Sa zare a allura ki soka tsakiyar ƙullin ta fita ta ɗaya gefen, ki dawo, ki sake ratsawa ta wani wajen, ki yi ta yi har sai tsakiyar ta yi tauri a ɗan yatsa. Wannan sukar ita ce take kama kowane sili. Daga nan ki yanka kunnuwan gefe biyu, ki murza a tafin hannu, ki aske shi har ya zama dunƙule. Askin ma kada ki ji tausayi, gwara ya yi gajere ya cika da ya yi tsawo yana langaɓewa.

Hannun 'yar tsana ba ya damƙa, don haka tun wajen ƙullin farko ki haɗa da 'yar robar gashi ta yara, ita za ki zura mata a wuyan hannu. In kina so ya riƙa ƙyalli kamar na cikin hoton, wanke ledar biskit, wadda cikinta yake fari fat kamar azurfa, ki yanka ta siri-siri ki naɗa tare da ulun. Ita kaɗai ba ta ƙulluwa da kyau, amma in ta shiga cikin ulu tana zama.

Maman 'Yan Biyu:

Ni ma ina nan na kasa kunne, 'yan biyuna sun ishe ni da maganar rigar Pillars ta 'yar tsana. Hajiya Allah Ya ƙara basira, wallahi ban taɓa tunanin cokali ba, da yatsuna nake naɗawa har su yi jawur.

Malamin Lissafi, Wudil:

Malama, maganar girman ƙwallo ba sai an yi ta ka-cici-ka-cici ba. Ƙwallon manya, lamba 5, zagayensa santimita 68 zuwa 70 ne, faɗinsa wajen santimita 22. Mutumin da tsawonsa ya kai santimita 170 ya ninka shi kusan sau takwas. To ki auna tsawon 'yar tsanar da zare, daga ka zuwa tafin ƙafa, ki yanke. Ninka zaren biyu, ki sake ninkawa, ki sake ninkawa. Ɗan guntun da ya rage a hannunki shi ne faɗin ƙwallonta. Wannan dabarar tana yi wa kowace irin 'yar tsana, ta roba ko ta tsumma. Kada ki gwada da kanta, domin masu ƙera su da gangan suke ƙara musu girman kai.

Taki mai santimita 30, lissafin zai ba ki ƙasa da 4 kaɗan. Ƙwallon tebur kuwa faɗinsa santimita 4 cif, ga shi fari, ga shi mulmulalle, ba tsagewa. Duk inda samari suke buga tebur a bakin kasuwa za ki samu wanda ya ɗan fashe aka yar, in gefen fashewar ya kalli ƙasa ba mai gani. Ki bar wahalar yumɓu. Yana tsagewa ne don bayansa yana riga cikinsa bushewa, balle da iskar hunturun nan.

Zanen kuma, ƙwallon nan mai baƙi da fari da kowa ya sani, wanda ya yi suna tun gasar cin Kofin Duniya ta 1970 a Meziko, ɓangare 32 ne: baƙi 12 masu kusurwa biyar, fari 20 masu kusurwa shida. Ke baƙaƙen kawai za ki zana, farin yana nan da ma. Ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, biyar su zagaye na sama, biyar su zagaye na ƙasa, amma kowane na ƙasa ya faɗa a tsakanin biyu na sama, kada su yi layi. Ki fara ɗiga alama da fensir kafin ki sa baƙi. Ki ɗan goge jikinsa da samfefa mai laushi santsin ya tafi, sannan ki zana da maka wadda ba ta gogewa.

Raga ce lissafi ba zai yi miki rana ba. Ta gaske faɗinta mita 7.32, tsayinta 2.44, wato faɗin ya ninka tsayin sau uku. In kika bi wannan, ragar 'yar tsana za ta haura mita ɗaya, ta cinye teburin baƙin gaba ɗaya. Ki yi guda ɗaya tal ta gidajen huɗu, tsayinta ya ɗara kan 'yar tsanar da yatsa uku, faɗin ya kai tsayi ɗaya da rabi. Ido zai karɓa.

Anti Nas, Jahun:

Malam, lissafinka ba gyara, amma ni wani wajen nake kallo. An ce kyauta za a bayar. Yarinyar da ta ci gudu 'yar aji biyar ce, amma gidan da za ta kai 'yar tsanar akwai mai rarrafe. A dokar kayan wasan yara ta Amurka, duk ƙwallon da faɗinsa bai wuce santimita 4.4 ba, ba a yarda a sayar da shi don yaro ɗan ƙasa da shekara 3 ba, saboda abu mulmulalle in ya shige baki yana toshe maƙogwaro ruf, babu ta inda iska za ta bi. Ƙwallon tebur yana cikin wannan girman.

Don haka 'yar uwa, in za ki yi amfani da shi, ki huda shi da allura mai zafi ta gefe biyu, a tsanake don yana kama wuta da wuri, ki zura zare mai ƙarfi ki ɗaure shi gam a jikin katako ko kwalin da 'yar tsanar za ta tsaya a kai. Kofin ma haka. Kada ki sa dutsen ado, kada ki sa fil, kada ki yi ɗan usur da za a iya cirewa. Ki kuma gaya wa malamar ta faɗa wa yaran lokacin bayarwa.

Sai fenti. Don Allah kada ki roƙi ragowar fentin ƙofa ko na mota wajen masu fenti. Wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, yaro kuwa komai baki yake kaiwa. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, ko da yake can ta hanyar dutsen zinare ta shiga gidaje, yara fiye da 400 suka rasu. Kaɗan ɗin da ba ya kisa ma yana taɓa ƙwaƙwalwa. Kuma na san wani zai ce ki yanki tsohon gidan sauro ki yi raga. Wanda ake rabawa a asibiti da magani a jikinsa. Ragar buhun albasa ko soson wanka mai raga sun fi.

Malamin Lissafi, Wudil:

Wannan gaskiya ne Anti. To a raba biyu: na tebur a ɗaure, in kuma yaran suna son na bugawa a yi musu na tsumma babba, ya kai lemon zaƙi. Yaro ba ruwansa da sikeli.

Tela daga Kura:

Hajiya mai tambaya, maganar kalmasa ki daina wahalar da kanki. Atamfa da shadda ba su dace da wannan aikin ba, su ne suke zarewa. Ki sa a samo miki tsofaffin rigunan ƙwallo na yara a wajen 'yan gwanjo, kala huɗun nan, ko sun yage ba komai, ma sun fi araha. In maigida zai shiga Kano ya leƙa Ƙofar Wambai, a can suke jibge. Irin wannan yadin ko kin yanka ba ya zarewa. Dabarar da nake yi wa 'ya'yana: ki yanko daga bakin hannun rigar ko daga gindinta, inda kamfani ya riga ya kalmashe, ki mai da wannan kalmasar ta zama gindin 'yar rigar taki. Aiki ya ragu, kuma ɗinkin ya fi wanda za ki yi kyau. In wani bakin ya nuna alamar tashi, ki gitta shi kusa da harshen kyandir, kusa na ce, ba ciki ba, zai ɗan narke ya rufe. Wannan a yadin roba kawai yake yi, auduga ci za ta yi da wuta.

Keke yana son haɗiye ƙaramin ƙyalle ya tura shi ramin allura. Ki shimfiɗa takardar littafi a ƙarƙashi ki ɗinka su tare, in kin gama ki yage takardar. Ki ɗinka kafaɗa da hannu tun rigar tana shimfiɗe, gefe ya zo a ƙarshe, in ba haka ba babu yadda za ki juya ta. Ki tsaga bayan daga wuya har ƙasa don kan ba zai shiga ba, ki rufe da abin mannewar nan irin na takalmin yara. Lamba kuma kada ki rubuta da biro ko maka, tana nashewa a yadin. Ki yi ta da farin zare da hannu, ɗinkin sarƙa, lamba ɗaya ta isa. Ki fara da 7 ko 1, su ne masu sauƙi, 8 sai hannu ya faɗa.

Gam kuma a kula. Na kyandir da ake narkarwa yana saki in zafin bazara ya zo, musamman a ɗakin kwano. Super glue kuwa kada ya kusanci auduga ko ulun gashin tumaki, zafi yake ɗauka nan take har ya yi hayaƙi, yana ƙona yatsa, kuma ƙyallen ya ƙandare. Duk abin da allura za ta iya, a bar wa allura. Wanda ba za ta iya ba, farin gam na kafintoci.

Takalmi ki yanko daga tsohuwar robar cikin tayar keke, masu faci za su ba ki kyauta. Ki ɗora ƙafar a kai ki zana, ki bar ɗan rara, ki ɗinka da farin zare ya fito kamar igiya.

Mai tambaya:

Kai, Allah Ya biya ku. Hajiya na gwada da cokalin yanzun nan da zaren kitso, na ba yarinyar ta ja har ta gaji bai zube ba. Anti Nas na ji, da ma har na tanadi gidan sauron, na mayar da shi. Saura maganar Inna surukata, ita ce har yanzu take ci mini tuwo a ƙwarya.

Malamar Islamiyya, Birnin Kudu:

'Yar uwa, maganar Inna kashi biyu ce, kada ki haɗe su.

Ta 'yar tsana tukuna. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW), ƙawayenta suna zuwa su yi tare, bai hana ba. A ruwayar Abu Dawud har da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle a cikin kayan wasanta, da ya tambaye ta ta ba shi amsa sai ya yi dariya. Haka kuma Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ce suna sa yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da gashin tumaki, in yaro ya yi kukan abinci a ba shi ya yi wasa har lokacin buɗa baki. A kan wannan ne mafi yawan malamai suka cire kayan wasan yara daga hanin yin siffofi. Inda aka yi saɓani shi ne irin na roba na zamani masu cikakkiyar fuska da ƙirar jiki. Wasu sun ce duk wasan yara ne, wasu sun ce a guje su ya fi. Ke nan Inna ba daga son ranta ta ɗauko maganar ba, akwai malaman da take bi. Ke kuma ba ke kika ƙera su ba, tufafi kike ɗinkawa.

Ta biyun kuwa, ni ina bayan Inna. Ɗan siket ɗin da bai rufe cinya ba, a teburin makarantar firamare, a gaban dagaci da liman da iyayen yara? Ko malamar da ta kawo aikin in ta sake tunani ba za ta so ba. Ki ɗinka riga mai dogon hannu, wando har idon sawu, siket mai tattara ya sauko ƙasan gwiwa a kai, da ɗan hijabi kalar gidan. Tuntun da kalar su ne suke nuna 'yar zuga ce.

Amma kada ki je ki tsaya gaban surukarki kina karanto mata hadisi, ko kin fi ta hujja kin faɗi. Ki gaya wa maigida shi ya tare ta, ko ya tambayi limamin da take ganin girmansa a gabanta. Ke naki shi ne ki gama guda ɗaya da shigar mutunci, ki kai mata ki durƙusa ki ce, Inna ga shi ki duba mini ko da gyara. In ta ce a ƙara tsawon hijabin, ki ƙara ko da ya isa. In kin tashi daga aiki ki zuba su a jaka ki rufe, kada a jera su a kan kwabet.

Baban Yara, Gaya:

Ni fa ku yi haƙuri, ban gane ba. Yara a Taura, me ya haɗa su da 'yan rawar bakin filin Amurka? Ba mu da wasanni ne? Ina langa, ina kokawa, ina dambe, ina sukuwa? Mu masu zuga ɗan wasa makaɗa ne da masu kirari da mata masu guɗa. In ni ne, ɗan dambe zan yi: a naɗe masa hannun mashi da ƙyalle a bi da zare, ɗaya hannun a buɗe a miƙe shi ne garkuwa, a sa masa ɗan warki na fata da layu a damtse, ga mai kalangu a bayansa. Duk baƙon da ya zo teburin nan a wajensa zai tsaya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Maman 'Yan Biyu:

Baban Yara, ɗan dambe da warki ai ya fi 'yar siket ɗin tsiraici, Inna korar ta za ta yi gaba ɗaya! Kuma 'yan tsanan mata ne.

Malama 'Yar Gumel:

Na yi dariya. Amma Baban Yara, ƙwallon ƙafar ma ai ba a Gaya aka haife shi ba, ga shi ranar da Pillars take wasa a filin Sani Abacha ba ka samun samarinku a gari. Mai tambaya aiki aka ba ta, ba ita ta zaɓa ba. Ita zugar tasu ma da ta fara a jami'ar Minnesota a 1898 maza ne suke yi, jagoran ihu ne kawai yake tsayawa gaban 'yan kallo, mata daga baya suka shigo. Mu a makarantarmu 'yan matan da suke gaban fareti da tuntu da hijabinsu suke yi, ba wanda ya taɓa ɗaga gira.

'Yar uwa, in malamar ta ce shigar ba ta yi kama da ta 'yan wasa ba, ki gaya mata tun 2014 dokar ƙwallon ƙafa ta duniya ta yarda mace ta buga da lulluɓin kai, kuma a gasar Kofin Duniya ta mata ta 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta. Kamfanin da yake yin 'yar tsanar Barbie da kansa a 2017 ya bayyana 'yar tsana mai hijabi, ta Ibtihaj Muhammad, 'yar wasan takobin Amurka da ta ci tagulla a gasar Olamfik ta 2016. Ba ƙauyanci kika yi ba.

Inda na yarda da Baban Yara shi ne kalangu. Ki yi wa ɗaya daga cikin 'yan zugar ɗan ganga ko ki sa mata kacau-kacau a ƙafa, zai ƙara armashi. Kuma ki adana ragowar kore da ruwan ɗorawa, kalar Pillars ce, bayan gasar za ki ga masu nema, ga Maman 'Yan Biyu nan ta fara layi.

Kakar Yara, Minjibir (jikarta ce ta rubuta mata):

Kaka ta ce in gaishe ku, ta ce duk kun yi ta sayen kaya kun manta da kara, alhali yanzu aka gama girbi yana nan jingine a kowane gida. Ta ce a zamaninsu da kara da ƙashin ƙafar rago suke yin 'yar tsana, gado da kujera da akwatin amarya duk na kara ne.

Ga yadda ta ce a yi ragar. A zaɓi sillen karan dawa, na can sama, siriri miƙaƙƙe wanda ya bushe sarai. Turaku biyu da na gicciye a bar su da ɓawonsu don su yi ƙarfi. A samu wani karan a ɓare ɓawonsa, a tsaga shi siri-siri, a fiƙe bakin, su ne ƙusoshin. Inda kara biyu za su haɗu a fara huda ɓawon da allura babba, sannan a soka tsinken ya ratsa ya nutse cikin totuwar ɗayan. Tsinke biyu a kowace kusurwa, a ɗan karkace su kada su bi hanya ɗaya, in ɗaya ne zai riƙa juyawa. A yi wasu biyu ta baya su tokare turakun, da ɗaya a kwance a ƙasa. Ragar albasar a ɗinka ta da zare a jikin karan, ba gam. Ta ce a yi hankali da ɓawon, ya fi reza yanka, ta nuna mini tabon nata a babban yatsa.

Totuwar da aka ɓare kuma ita ce ta kofi da kalangu, da farce ma ana sassaƙa ta. Kofi: guntuwar totuwa a tsaye, murfin kwalba a ƙasa, murfin man goge baki a sama bakinsa yana kallon sama, hannaye biyu na ɓawon kara da aka jiƙa aka lanƙwasa, sai a lulluɓe da takardar dunƙulen magi mai ruwan zinare. Kalangu kuma a matse tsakiyar totuwar da zare ta yi ƙugu, a rufe baki biyu da 'yar fata, dukawa suna zubar da guntaye. Ta ce in za a manna takarda a jikin kara a jiƙa ƙaro ya kwana, ya fi kullun rogo, don shi kullu kyankyaso da ɓera suna bin sa. Sai dai ƙaro yana saki da damina, amma kafin damina ai an gama gasar.

Ta ce kuma a gaya wa mai tambaya ta kai wa surukarta karan ta ce ta koya mata. Babu tsohuwar da ba ta iya ba.

Hajiya Mai Kwarashi, Ringim:

Kaka ta gama magana. Ƙanwata, abu ɗaya da ba wanda ya taɓo: kun yi ciniki da malamar kuwa? Irin wannan aikin mutane suna raina shi don ƙanƙane ne, alhali 'yar rigar nan ta fi rigar yaro cin lokaci. Ki lissafa kuɗin ulu da gwanjo da zare, ki duba awa nawa saiti ɗaya ya ci miki, ki kwatanta da abin da za ki samu in ɗinkin mutane kika yi a wannan lokacin. Ki karɓi kuɗin kaya tun yanzu, kada ki sa naki ki zauna jiran kuɗin makaranta. Kuma duk wanda kika gama ki sa shi a farar leda ki ɗaure, ƙurar hunturu in ta shiga tuntu ba ta fita.

Mai tambaya:

Ba mu yi ciniki ba Hajiya, cewa ta yi in yi kawai za ta gani. Gobe in ta taso makaranta zan aika a kira ta. Maigida ya yi wa Inna magana bayan magariba, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta dai ce a kawo mata karan ta gani ko na kirki ne, wai na bana duk ɓargo ne. Tela, shuɗin da na samu a gida mai duhu ne sosai, na gidan kuma shuɗin sama ne. In haɗa da fari, ko in jira Lahadi?

Tela daga Kura:

Jira Lahadi, Hajiya. Ki karɓi ƙyallen tutar gidan a wajen malamar ki ba mai zuwa kasuwar ya gwada da shi a rana, ba a cikin rumfa ba. Kafin nan ki fara da ja da kore.